Ga masu ɗaukar shatar mota daga Damagaram zuwa tashar jirgin ruwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da ƴan uwanmu na Damagaram da ke haɗa tawaga, su ɗauki shatar Hiace zuwa bakin teku. Wasu jirgin fasinja ko na yawon buɗe ido za su kama a Kwatano ko Lome, wasu kuma kayansu ne ke sauka a tashar a ranar da aka sa. Mu masu harkar sufuri ne, kuma abin da muke gani kullum shi ne a ɓata mako guda ana cinikin kuɗin mota, a bar lissafin kwana da na nauyi sai daren tashi. Alhali waɗannan biyun ne ke sa mutum ya kama jirgi ko ya tarar ya bar gaɓa.

Babban jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Galibin kamfanonin jiragen yawon buɗe ido suna rufe ƙofar shiga awa ɗaya zuwa biyu kafin tashi, kuma wanda ya makara ba a maido masa da kuɗin tikiti. Don haka daga awar rufe ƙofa ake fara lissafi, a dinga ja da baya har a iso ranar barin gida.

Daga Damagaram zuwa Gaya, in an bi babbar hanya ta Takeita, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutse da Doso, kusan kilomita 900 ne. Daga Malanbil zuwa Kwatano ta Kandi da Faraku kuwa ya ɗan haura 700. Direba zai ce muku motarsa na cin 100 a awa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai in aka haɗa shingayen jandarma da na duwan, da wuraren biyan kuɗin hanya, da salla, da cin abinci, da tudun rage gudu na kowane gari, abin da ake samu bai wuce kilomita 55 zuwa 60 a awa ba. Da wannan ake lissafi. Rana ta farko a kwana Ƙonni, wajen kilomita 470. Ta biyu a kwana Gaya. Ta uku a ƙetare a kwana Faraku, ta huɗu a shiga Kwatano da sauran rana. Idan ranar Asabar ake shiga jirgi, to Alhamis da yamma ya kamata a ce kun sauka, Juma'a ta zama rara. Ke nan Litinin da asuba za a tashi, wanda ya samu hali ma ya tashi Lahadi. Mai zuwa Lome ya ƙara kilomita wajen 150 da wata iyakar, kuma ya tuna agogon Togo yana bayan namu da awa guda, na Benin da Najeriya kuwa daidai yake da namu. Da damina, musamman watan Agusta, a ƙara kwana ɗaya, don korama ɗaya in ta cinye hanya sai a wuni ana kallonta.

Za a ce ai in aka yi tafiyar dare kwana biyu ma ya isa. Ba mu ba da wannan shawara. Da dare ne ake cin karo da amalanke marar fitila, da garken shanu, da babbar motar da ta mutu a tsakiyar titi ba wata alama sai ƴan rassan itace da aka zuba. Ga kuma matsalar tsaro a wasu sassan Doso da arewacin Benin, wadda ba sai mun faɗa wa kowa ba. A tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin magariba.

Sai maganar hanya, wadda ita ce ke yanke irin shatar da za a ɗauka. An rufe gadar Gaya da Malanbil a ƙarshen Yulin 2023. Daga baya Benin ta buɗe nata ɓangaren, namu ya ci gaba da zama a rufe, fasinja suka koma ƙetare kogi da kwale-kwale. Duk mai shirin tafiya ya kira wani nasa a Gaya a cikin makon, ya ji halin da gadar take ciki a ranar, kada ya dogara da labarin watan jiya. Muddin mota ba ta hawa gada, shatar ku biyu ce, ta Damagaram zuwa Gaya, da wata daga Malanbil zuwa Kwatano. Ta biyun a gama cinikinta tun ana gida, ta hannun wanda aka sani, a karɓi lambar direban da ta motar. Tawagar da ta sauko daga kwale-kwale da akwatuna ashirin sannan ta fara neman mota, farashin da ƴan kamasho suka yanka shi za ta biya. A bakin kogin ma a raba tawaga da kaya gida biyu in jirgin ya cika, a nemi rigar ruwa ga yara, kuma kada a ƙetare da yamma liƙis.

Akwai hanyar Najeriya, tunda an sake buɗe iyakarmu da ita a Maris 2024: Matamai ko Magarya zuwa Kano, kusan kilomita 240, daga nan a gangara Ikko a fita ta Seme. Mota ɗaya na iya yin ta tun daga ƙofar gida, amma iyaka biyu ce, shingaye sun fi yawa, sai an canji naira, kuma cunkoson Ikko kaɗai na iya cin rabin yini. Hanyar Burkina zuwa Lome kuwa manyan motocin kaya ne ke binta cikin ayari da rakiyar sojoji, ba ta motar iyali ba ce.

Yanzu ga motar kanta. A tasha ana kiran Hiace mai wuri 18 ko 19, saboda an ƙara mata benci. Wannan lissafin na zuwa Mirya ne ko Matamai. Nauyin da irin waɗannan motoci ke ɗauka bisa ƙa'ida yana tsakanin kilo 1,000 zuwa 1,200, kuma yana rubuce a kart griz, wato takardar mallakar mota, da kuma wani ɗan ƙarfe a jikin motar. Mutum 15 masu kilo 70 kowanne sun riga sun kai 1,050. Ka ba kowa akwati mai kilo 25, ga 375. Ba a sa direba da yaronsa ba, ba a sa jarkokin ruwa da tayar sukur ba. An wuce ƙa'ida tun ba a fita gari ba. Abin da muke ganin daidai shi ne mutum 10 zuwa 12 a Hiace ɗaya, a cire bencin baya ko a naɗe shi a jera akwatuna a wurin. Tawagar da ta kai 16 ta nemi Coaster ko ta ɗauki mota biyu. Mota biyun ta fi tsada, amma in ɗaya ta lalace ɗayar na iya kai mata da tsofaffi gari na gaba ta dawo.

Kayan da ake ɗorawa bisa mota su ne suka fi ba mu tsoro. Hiace doguwa ce a tsaye, siririya a faɗi. Duk abin da aka ɗora a samanta yana ɗaga tsakiyar nauyinta, sai ta riƙa layi a kwana, kuma ranar da tayar baya ta fashe ana cikin gudu, kifewa take yi maimakon ta tsaya. Masu nauyi su zauna ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Sama sai tabarmi, da barguna, da jakunkunan tufafi, a rufe da tamfol a ɗaure da igiya ta tsaye da ta kwance. Bayan kilomita 50 na farko a tsaya a sake jan igiyar, don kaya na zama su saki.

Kwana biyu kafin tafiya wakilin tawaga ya je da bakanikensa, ba na mai mota ba, a duba motar da safe tun inji na sanyi. Taya za a fara dubawa. A gefen kowace akwai rubutun DOT da lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018, kuma ko zanenta na nan raɗau ta tsufa, robarta ta bushe. Wadda ta wuce shekara biyar ko shida kada ta yi wannan tafiya, balle a watan Afrilu da kwalta ke tafasa. A duba harafin C bayan girman tayar, kamar 195R15C, shi ke nuna ta motar ɗaukar kaya ce. Sau da yawa za ka tarar an sa ta ƙaramar mota don ta fi araha, ita kuwa ba ta jure nauyi. A sa hannu a shafa gefen ciki, inda ido ba ya kaiwa, a ji ko akwai ƙullutu. Iska a gwada ta da ma'auni taya na sanyi, a bi adadin da ke rubuce a bakin ƙofar direba na mota mai cike da kaya. Akwai masu rage iska wai don zafi kada ta fashe. Kuskure ne babba, domin taya mai ƙarancin iska ita ce ke lanƙwashewa tana ɗaukar zafi har ta tarwatse. Sukur biyu za a ɗauka, a kuma gwada jak da sifanar taya a gabanku, don an sha tarar da sifanar ba ta shiga noti.

Injin galibin Hiace a ƙarƙashin kujerar gaba yake, sai an ɗaga ta. A duba ruwan lagireto: in ya yi ja kamar tsatsa ko mai na yawo a samansa, a nemi wata motar. A matsa tiyoyin ruwa, wanda ya yi laushi ko ya kumbura a canza shi. In injin gazuwal ne irin 3L ko 5L, a tambayi yaushe aka canza bel ɗin tayimin, wanda ake canzawa duk kilomita 100,000. In ya tsinke a hanya ba gyaran bakin titi ba ne, kan injin yake lalatawa. A taka birki a riƙe na ɗan lokaci, in feda na nutsewa a hankali akwai yoyo. Sannan a zuba mutane a motar a yi kilomita 20 kan hanyar Takeita ana kallon allurar zafi, a saki sitiyari kaɗan a ga ko tana ja gefe. A cikin motar a tanadi bel ɗin fanka, matatar gazuwal ɗaya, lita 5 na man inji, man birki, fis, jarkar ruwa mai lita 20, abin kashe gobara da alamar tsayuwa mai kusurwa uku. Waɗannan biyun na ƙarshe ana tambayarsu a shinge. In inji ya yi zafi, kada kowa ya buɗe murfin lagireto sai ya huce.

Takardu iri biyu ne, na mota da na mutane, kuma kowanne na iya tsayar da tafiya. Na mota: kart griz, takardar bizit teknik, wato ta binciken lafiyar mota, da ba ta mutu ba, da asuransi. A karanta asuransin da ido, a ga mutum nawa ya rufe, kuma na ɗaukar fasinja da kuɗi ne ko na motar gida. In ya ce wuri 9 kuka shiga ku 12, ranar tsautsayi kamfanin zai sami hanyar zamewa. Motar da za ta fita ƙasa tana buƙatar asuransin da ke aiki a can. Katin asuransin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da ake kira kart burun shi aka saba da shi, amma tunda Nijar ta fita daga ƙungiyar a 29 ga Janairun 2025, a sa kamfanin asuransi ya tabbatar a rubuce cewa takardarsa na aiki a ƙasashen da za a ratsa. A iyaka duwan za su ba motar takardar shiga ta ɗan lokaci, a lura da kwanakin da aka rubuta. Idan sunan da ke kart griz ba na direban ba ne, ya riƙe takardar izini daga mai motar da hatimin hukuma. Direban kuma permi D, wato lasin tuƙin motar fasinja, ake nema gare shi, domin permi B bai wuce mota mai wuri 9 har da direba ba.

Na mutane: fasfo, wanda yawancin kamfanonin jirgin ruwa ke so ya rage masa aƙalla wata shida bayan ƙarshen tafiya, da bizar duk ƙasar da jirgin zai tsaya in ana buƙata, da katin allurar shawara. Allurar sai ta kwana 10 take fara aiki a takarda, don haka wanda ya yi ta ana jibi tashi katinsa bai nuna ba tukuna. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Yaron da ba ya tare da iyayensa biyu a nemo masa takardar izinin fita. Kuma tun kafin a ƙidaya kujeru a sani cewa galibin jiragen yawon buɗe ido ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24, ko jaririn da bai kai wata shida ba. Mutum ɗaya ya riƙe jerin sunayen tawaga da lambobin fasfo, kofi biyar ko shida. A shinge ya sauka shi kaɗai ya miƙa, ya fi a sauke mutum 12 ɗaya bayan ɗaya. Fasfo, tikiti, kuɗi da maganin masu hawan jini ko ciwon suga a ƙaramar jaka suke zama bisa cinya, ba cikin akwatin da aka ɗaure a sama ba.

Mun zo kan kuɗi. Mai mota in ya faɗi farashi, tambaya ta farko ita ce da mai ko ba mai. Hiace mai gazuwal cike da kaya tana shan wajen lita 12 a kilomita 100, mai esansi ta fi haka da lita biyu ko uku, in an kunna na'urar sanyi kuma a ƙara. Damagaram zuwa Gaya lita 108 ke nan, zuwa da dawowa 216, domin motar da ta sauke ku ba tashi sama za ta yi ta dawo gida ba, kuma dawowarta fanko a kanku take sai in an yi wani sharaɗi. A farashin da gwamnati ta sa a Yulin 2024, sefa 618 litar gazuwal, ya kama kusan jika 134, a ƙara kashi goma cikin ɗari na rara ya tasar ma jika 150. Tankinta lita 70 ne, wato bai kai kilomita 600 ba, don haka a cika a Damagaram, a sake cikawa a Maraɗi da Ƙonni da Doso, kada a bari ya sauka ƙasa da kwata. Matatar mai ta SORAZ na nan kusa da mu tun 2011, amma hakan bai hana a tarar da gidan mai a bushe a wani garin ba. Man kwalba na bakin titi a bar shi sai dole, ruwa da dattin da ke cikinsa ne ke toshe matata. Kafin a sa hannu a kwatanta jimillar da kuɗin tikitin babbar bas na mutum 12. Wani lokaci bas ɗin ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, abin da shata ta fi ta shi ne ku ke da ikon tashi da tsayawa.

Duk abin da aka yi magana a rubuta shi, ko da mai motar surukinka ne, da shaidu biyu, kowa ya riƙe kofi. A sa lambar motar da aka duba, saboda ana nuna wata a kawo wata ranar tafiya. A sa sunan direba, da wanda zai karɓe shi in tafiyar ta wuce Gaya da mota ɗaya. A faɗi mai biyan kuɗin hanya, da abincin direba da makwancinsa. Tarar da aka ci saboda takardun mota ta mai mota ce, ta takardun fasinja kuwa ta tawaga. A rubuta abin da zai faru in mota ta lalace: mu muna ganin in gyara ya wuce awa shida, tawaga na da ikon ɗaukar wata motar a cire kuɗin daga abin da ya rage. Saboda haka ne ba a biyan kuɗi duka a Damagaram. Kashi ɗaya cikin uku ranar sa hannu, ɗaya a rabin hanya, na ƙarshe bayan an sauke kaya. Kuma ma'ajin tawaga ya ɓoye abin da zai isa shatar wata mota daga tsakiyar hanya, kada a taɓa shi don tsire ko tsaraba.

Sharaɗi ɗaya muke so a ja masa layi: ba ɗaukar fasinjan hanya, ba karɓar saƙon kowa. Direba zai ce ɗan kwali ne kawai na wani abokinsa da za a ajiye a Doso. Ba wanda ya san abin da ke ciki, kuma in duwan ko ƴan sanda suka buɗe suka sami ƙwaya ko kayan fasa-ƙwauri, motar da duk wanda ke cikinta ake tsarewa har a gama bincike. Kafin gaskiya ta fito jirgi ya yi nisa. Wakilin tawaga ya tsaya a kan lodi da kansa, ya leƙa ƙarƙashin kujeru da wurin sukur.

A Kwatano masauki ba ya wuya, unguwar Zongo cike take da mutanenmu kuma ba ta da nisa da tashar jirgin. Amma tashar ba a shigarta haka kawai, wuri ne mai shinge da katin shiga, kuma ƙofofinta da yawa. Tun ana hanya a kira wakilin kamfanin jirgin a tambaye shi wace ƙofa, ƙarfe nawa, kuma mota na shiga ko a waje za ta sauke. In tana shiga zai nemi lambarta da sunan direba tun da wuri. Ranar rarar nan a je da direba a ga ƙofar da ido, a auna minti nawa ne daga masauki, a ninka shi biyu saboda manyan motoci da ƴan babur da ke cushe hanyar da safe. A daren a liƙa wa kowane akwati takardar suna da lambar ɗaki, a fitar da abin da ba a shiga da shi, irin su wuƙa, dutsen guga, butar lantarki da risho, a bar su wurin mai masauki. Kilishi da sauran guzurin da ba a rufe yake daga masana'anta ba a tambaya tukuna, jirage da yawa ba sa bari.

Kada a sallami direba da an sauke kaya. Ya tsaya a wajen ƙofa da wayarsa a kunne har wakilin tawaga ya kira ya ce kowa ya wuce binciken takardu, don in aka maido mutum ɗaya ya sami abin da zai mai da shi masauki. A rubuta wannan jiran cikin yarjejeniya, awa uku ko huɗu, da kuɗinsa. In kuma motar ce za ta zo ɗaukarku ranar dawowa, kuɗin wannan zuwan daban ne, kuma kada ta baro gida sai wakilin jirgin ya tabbatar da ranar sauka.

Mun gode, Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka. Wassalam.

Daga wasu direbobi da masu ba da hayar mota,
Damagaram, Jamhuriyar Nijar